Motar lantarki a Saudiyya: ta hannu mai dogon zango ko sabuwa mai ƙaramin batir?

Kuɗinka ya kai wani mizani, ka ce bari ka gwada motar lantarki tunda yanzu sun fara yawa a titin Jidda da Riyad, sai ka tarar da guda biyu a gabanka kuma farashinsu kusan ɗaya. Ga ta hannu wacce ta yi shekara uku ko huɗu amma batirinta babba ne, a takarda an rubuta tana cin kilomita 500 da ɗoriya a caji ɗaya, ga kuma sabuwa dal daga wakala, wato wakilin kamfanin, ko ledar kujera ba a cire ba, amma ita 400 ko ƙasa da haka aka rubuta mata. Yawancin mutanenmu nan take ido ke tafiya kan 500 ɗin, saboda tsoron da kowa ke ji shi ne kar mota ta mutu masa a tsakiyar sahara da iyali a ciki. Tsoron gaskiya ne, amma lambar da ke jikin takarda ba ita za ta raba maka gardama ba, kuma ni a ganina ma ba da ita ake fara lissafi ba.

Fara da inda kake kwana. A ina motar za ta riƙa shan wuta? Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi. In kana da gida mai hoshi, wato tsakar gida, ko fakin naka na kanka kusa da addad ɗinka, wato mitar wuta, to ka huta, kullum da safe za ka tashi ka tarar da ita cike. Cajar bango mai kilowat 7 tana cika batir mai yunit 60 cikin awa tara ko kusa da haka, wato daga bayan isha zuwa asuba an gama. Ko soket na gida zalla, wanda ke ba da kamar kilowat 2 da 'yan kai, in ka bar ta awa goma za ta sha yunit ashirin da wani abu, wannan kuwa ya isa tafiyar sama da kilomita 100 a cikin gari. Amma fa a kira ƙwararren mai aikin kahraba ya duba waya da ma'ajiyar wutar gidan, kuma maganar kafa cajar bango a bi ta kamfanin wuta na Saudiyya yadda tsari ya tanada, ba a kira wani yaro ya jona da daddare ba.

Matsalar ita ce da yawanmu a shukka muke, wato ɓangare a gidan bene, haya, hawa na biyu ko na uku, mota kuma tana kwana a bakin titi duk inda Allah ya ba ka wuri, yau ƙofar amara gobe bayan bagala. Wanda ke zaune a lungunan Misfala ko wajen Shara Mansur ya san abin da nake nufi, wani lokacin ma motar ba ta isa ƙofar gidan. In haka kake to kafin ka je kallon kowace mota ka fara zuwa wajen mai gida ko haris, wato maigadi, ka ji ko za a yarda a ja maka waya daga addad ɗinka zuwa fakin. Sako doguwar waya ta taga daga hawa na uku kam kada ma ka fara, a wannan zafin wayar za ta yi ta ɗumi tsawon dare kuma yara na wucewa ta wajen. In mai gida ya ƙi, kuma wurin aikinka babu caja, to gaskiyar magana ko wacce ka saya cikin biyun za ka sha wuya, sai dai a nan babban batir ya ɗan fi sauƙi don zuwanka mahaɗɗar caji zai ragu, maimakon duk kwana uku ya koma duk kwana huɗu ko biyar. Ni da za a tambaye ni, wanda ba shi da wurin caji a gida ko a wurin aiki ya ɗan dakata tukuna, ko ya nemi haibirid, wato mai haɗa fetur da lantarki.

Dalilin da ya sa na nace kan cajin gida shi ne a nan ribar take. Wutar gida halala 18 ce (halala 100 ce riyal ɗaya) kowane yunit har zuwa yunit 6,000 a wata, abin da ya haura haka halala 30, sai harajin kashi 15 a kai. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin kamar yunit 18 a kilomita 100, ka ga riyal 4 kenan ko ƙasa kaɗan. Fetur na 91 kuwa riyal 2.18 ne lita tun da aka tsayar da farashinsa a Yulin 2021, motar da ke shan lita 7 a kilomita 100 ta ci maka riyal 15 da 'yan halaloli. Bambancin yana da kyau amma ba irin na Turai ba ne inda mai ke da tsada, don haka in ka koma dogaro da cajar waje mai sauri, wacce ta fi wutar gida tsada nesa ba kusa ba, ribar sai ta zama 'yar kaɗan, ga zaman jira. Sannan mai babban gida da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, biyar ko shida ke aiki dare da rana a Yuli da Agusta ya leƙa faturarsa ta kuɗin wuta, in dama kana kusa da 6,000 ɗin to cajin motar a layin halala 30 zai faɗa.

To mu dawo kan lambobin nan na 500 da 400. Abu na farko, ka tambaya da wane ma'auni aka auna. Akwai na Turai da ake kira WLTP, akwai na Amurka EPA, akwai na Sin CLTC, da wani tsoho NEDC. Na Amurka ya fi kusa da gaskiya, na Turai yana ɗan ƙara gishiri, na Sin da tsohon nan kuwa sun fi kowa zuzutawa don gwajinsu galibi na tafiyar cikin gari ne a hankali. Sai ka ga dillali ya ɗauko lambar CLTC ta wannan ya gwama da WLTP ta waccan, kai kuma ka ɗauka abu ɗaya ake magana. Mafi sauƙi ka manta da kilomitar gaba ɗaya ka tambayi girman batir, yunit nawa yake ɗauka, wato kWh. Misali BYD Atto 3 mai babban batir yunit 60 da ɗan kai ne, WLTP ya ba ta 420. Tesla Model Y Long Range ta shekarun 2022 da 2023 tana da kamar yunit 75, WLTP ya ba ta 533.

Yanzu ga lissafin da mutane ba sa yi. Batir yana raguwa da shekaru. Kamfanin Geotab da ke bin diddigin dubban motoci ya fitar a 2024 cewa a matsakaici batir na rasa kusan kashi 1.8 cikin ɗari duk shekara, kuma sun nuna a ƙasashe masu zafi da motocin da ake yawan yi wa caji mai sauri abin ya fi haka gudu. Mu kuwa ai a cikin tanda muke, Makka tana haura digiri 45 da rani, Jidda ta taɓa kai 52 a Yunin 2010. To ɗauka a matsayin misali ta hannun nan mai yunit 75 ta yi shekara huɗu a nan, lafiyar batirinta ta sauko zuwa kashi 88, saura yunit 66 kenan. Sabuwar tana da 60 cif. Tazarar da ka zata 15 ce ta koma 6, wanda a babban titi bai wuce kilomita 30 ba.

Bai ƙare ba. Batir iri biyu ne a yawancin motocin nan. Akwai mai sinadarin nikel, NMC ko NCA, shi ake sa wa masu dogon zango don yana ɗaukar wuta da yawa a ƙaramin wuri, amma kamfanonin da kansu suna cewa a amfanin yau da kullum a tsaya a kashi 80, sai za a yi tafiya a cika. Akwai kuma LFP, mai ƙarfe da fosfet, irin wanda BYD ke kira Blade da wanda ke cikin Model 3 mai jan baya da ake ƙerawa a Sin, shi ya fi jure zafi da yawan caji, ana cika shi har 100 ba tare da fargaba sosai ba, hasali ma ana son a riƙa cika shi lokaci lokaci don kwamfutar motar ta san ainihin abin da ke ciki. Ka ga kashi 80 na yunit 66 shi ne kusan 53, ita kuma sabuwa mai LFP ta fita da 60 ɗinta. Wato a ranakun aiki, daga Lahadi zuwa Alhamis, wacce ake kira ƙarama ita ce ke fita gida da wuta mafi yawa. Ta hannun ba ta nuna fifikonta sai ranar da ka cika ta taf don doguwar tafiya.

Sai ka zauna ka tambayi kanka tsakani da Allah, doguwar tafiyar nan sau nawa kake yinta? Jidda zuwa Makka kamar kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, kowace cikin biyun za ta kai ka Umra ta dawo da kai da saura. Makka zuwa Ɗa'if ta hanyar Hada kusan 90 ne, sai dai hawa ne, daga kwarin Makka zuwa saman Hada tsayin ya kusa mita 1,700 kuma mota mai nauyin tan biyu sai ta ƙona kusan yunit 9 a hawan kaɗai ban da na tafiya, kar ka tsorata in ka ga kashin yana zuba, a gangarowa motar tana maido da wani kaso mai kyau ta hanyar birkin da ke mayar da wuta cikin batir. Abu ɗaya dai, kada ka cika ta 100 a Ɗa'if sannan ka kama gangara, batir cikakke ba shi da inda zai zuba wutar sai ka koma taka birki zalla.

Inda maganar take shi ne Madina. Daga Jidda sama da kilomita 400 ne, daga Makka kusan 450, Riyad zuwa Dammam wajen 400, Jidda zuwa Riyad kuwa ta haura 900. Kuma tun 2018 aka ɗaga iyakar gudu zuwa 140 a wasu manyan hanyoyi har da ta Madina, mu kuma mun san halinmu, in Sahir, kyamarar kama masu gudu, ya yarda da 140 to a 139 za a tafi. Iska kuwa ba ta da wasa, turjiyarta a gudun 140 ta kusa ninki biyu na wadda ke gudun 100. Ƙara da mukayyif a ƙure, mutum biyar, jarkokin zamzam da akwatuna a baya, motar da aka rubuta mata 533 kar ka yi mamaki in ta tsaya maka a ɗari uku da wani abu, kuma babu mai hankalin da zai bari ta kai sifili. Ma'ana a hanyar Madina dukansu biyu sai sun tsaya caji. Babban batir bai cire maka tsayawar ba, ya dai rage mata tsawo ko ya ba ka zaɓin inda za ka tsaya. Don haka abin tambaya a nan shi ne saurin da kowace ke shan wuta a caja mai sauri, minti nawa daga kashi 10 zuwa 80. Wasu ƙananan sababbi masu araha ba sa wuce kilowat 60 zuwa 90, sai ka yi minti arba'in ko fiye, manyan kuwa wasu suna gamawa cikin rabin awa ko ƙasa. A nan kam ta hannu mai tsada a asalinta takan yi nasara ƙarara.

Cajojin hanya suna ƙaruwa, ba a musu. EVIQ, wanda asusun zuba jarin gwamnati na PIF da kamfanin wuta suka kafa a 2023, ya ce burinsa caja mai sauri 5,000 nan da 2030, ga wani kamfanin caji Electromin, ga Tesla da ta buɗe a hukumance a Riyad a Afrilun 2025 tana kafa nata. Amma buri daban, abin da ke ƙasa yau daban. Tun kafin ka biya ko riyal ɗaya ka sauke manhajojinsu a waya, ka bi hanyar da kai kake bi da yatsa, ka ga cajar tana ina, guda nawa ce a wurin, kuma in ka iso ka tarar ta lalace ko an yi layi ta gaba tana da nisan nawa. In ziyarar Madina sau biyu ce a shekara, wallahi ban ga dalilin da mutum zai ɗauki kasadar tsohon batir saboda kwana huɗu cikin 365 ba, ga jirgin ƙasa na Haramain tun 2018 yana haɗa Makka da Jidda da Madina, ga bas ɗin SAPTCO, ga motar haya ta fetur ta kwana biyu. Wanda kuma aikinsa ke kai shi Yanbu ko Rabig duk mako, ko iyalinsa na Madina shi yana Jidda, shi ne mai hujjar neman babban batir.

To a ce kai ne wannan, ka yanke ta hannun za ka saya. Nan ne ake buƙatar nutsuwa don sayen motar lantarki ta hannu ba tare da an auna batir ba cinikin biri a sama ne. Motar fetur kana jin ƙarar inji, ka duba hayaƙi, ka zaro sandar mai. Wannan shiru take, fenti na ƙyalli, allo na haske, alhali abin da ya fi komai tsada a jikinta yana ƙarƙashin ƙafarka ba ka ganinsa. Kuma fahas, wato binciken lafiyar mota na shekara shekara, ba ya gaya maka lafiyar batir, haka yawancin wuraren fahas na kusa da ma'arad, wato kasuwar motoci, da suka saba da bodi da giya da inji.

Abin da za ka nema shi ne lambar da ake kira SOH, wato kashi nawa ya rage na ƙarfin batir idan aka gwada da ranar da aka ƙera shi. Wakala na iya fitar maka da rahoto, wasu warsha, wato garejin gyara, da suka ƙware suna jona na'urar OBD mai karanta kwamfutar mota su karanto, wasu motocin kuma irin Tesla suna da gwajin a cikin allonsu. Mai motar zai ce maka "Alhaji wallahi batir miya bil miya, ban taɓa ganin matsala ba", ka ce masa "Allah ya sa haka Yallaɓai, mu je a auna, kuɗin awon a kaina." In ya fara kame kame, yau ba lokaci gobe akwai wani mai saye da ke jira, ka yi masa sallama. Kashi 90 zuwa sama a mota mai shekara uku ko huɗu abu ne mai kyau, tsakanin 85 da 90 a yi ciniki a rage kuɗi, ƙasa da 80 ni dai ba na ba da shawara. Ka kuma roƙi mai awon ya duba ko ƙwayoyin batirin suna tafiya daidai da juna, don ƙwaya ɗaya mai rauni tana iya jawo sauran ƙasa.

Akwai kuma gwajin da kai da kanka za ka yi ba na'ura. Ku shirya da mai motar a cika ta, ka ɗauki hoton allo da kashin caji da lambar kilomita, ku hau hanyar Makka ko ta Rabig, mukayyif a kunne yadda ka saba, gudu 120, ku yi kilomita 40 ku juyo. Da kun dawo ka sake ɗaukar hoto. In kilomita 80 ta ci kashi 25, to cikakken batir 320 kenan a irin tuƙinka, wannan ita ce lambarka ta gaskiya, ba wacce motar ke nunawa a allo ba don ita hasashe take yi. Da rana za a yi gwajin ba da daddare ba. In da hali ku biya ta caja mai sauri batir na ƙasa ƙasa, ka tsaya ka ga kilowat nawa take ja, kuma ka saurari fanka da famfon sanyaya batir suna aiki ko kuwa.

Maganar sanyaya batir ɗin nan ba ƙarama ba ce a ƙasar nan. Duk motar da batirinta ba shi da tsarin sanyaya da ruwa ka bar ta. Tsohuwar Nissan Leaf ita ce sananniyar misali, iska kawai ke sanyaya batirinta, kuma tun 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta ƙorafin batir na zubewa da wuri saboda zafi, ga shi bakin cajinta mai sauri CHAdeMO ne wanda samunsa a nan wahala ne. Ka kuma tambayi inda motar ke kwana da wuni. Wacce ta yi shekara huɗu a fakin ƙarƙashin ƙasa da wacce ta yi su a rana cike da caji 100 ba ɗaya ba ne ko da kilomitarsu ɗaya, kamar dai wayar da aka saba bari a kan dashbod ce.

Sai asalin motar, khaliji ce, wato wacce aka ƙera don kasuwar ƙasashen Gulf, ko warid, wacce wani ya shigo da ita daga wata kasuwa. A nan bakin caji irin na Turai ake amfani da shi, Type 2 a gida, CCS2 a caja mai sauri. Wacce aka shigo da ita daga Amurka tana zuwa da CCS1 ko bakin Tesla na can, wacce aka ƙera don kasuwar cikin Sin tana zuwa da GB/T, dukansu sai da adafta, adafta kuwa wani lokacin ta yi wani lokacin ta ƙi, kuma ranar da za ta ƙi sai kana tsakiyar hanya. Na Sin ɗin ma wani lokacin allo da taswira da manhajar waya duk na can ne. Mafi muni shi ne damani, wato garanti, da yawa wakala ba ta karɓar motar da ba ta hannunta ta shigo ba. Teslolin da ke yawo a nan kafin 2025 ta Dubai ko wasu wurare suka shigo, don haka ka ɗauki lambar shasi ka kai cibiyar kamfanin su gaya maka da bakinsu, in da hali a rubuce, cewa damaninta na aiki a Saudiyya kuma zai bi ka bayan an canja suna.

Damanin batir a yawancin kamfanoni shekara 8 ne ko kilomita 160,000, duk wanda ya riga zuwa, kuma galibi suna ɗaukar nauyi ne in ƙarfinsa ya faɗi ƙasa da kashi 70. Tesla Long Range nata 192,000 ne. Lura da kyau, in batirinka ya sauka zuwa 75 ba su da ruwa, a wajensu lafiya lau yake. Mota mai shekara huɗu da kilomita 120,000 a takarda saura mata shekara huɗu, amma in kana cin 25,000 a shekara ko shekara biyu ba za ka cika ba 160,000 ta cika. Sannan damanin sauran jikin motar, allo da kwamfuta da kwamfuresan mukayyif da cajar cikin mota, ya fi na batir gajarta, sau da yawa ya riga ya ƙare a ta hannu, kuma waɗannan ba kayan da za ka samu a kowace sana'iyya, unguwar makanikai, ko tashlih, wajen kayan tsofaffin motoci, ba ne, wani sai an yi oda an jira. 'Yan uwanmu masu jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, da ke aikin Uber ko Careem su karanta sharuɗɗan da kyau, wasu kamfanonin suna rage damani in motar ta haya ce.

Ka ciro rahoton Mojaz da lambar shasi ka ga haɗurran da aka rubuta da yawan hannun da ta bi da tarihin lambar kilomita. A ɗaga motar sama ka leƙa ƙarƙashi da idonka, duk wata lotsawa ko karce mai zurfi ko alamar walda a kwandon batir dalilin fasawa ne. Mutanen Jidda kuma kar a manta da ruwa, an ga abin da ambaliya ta yi a 2009 da 2011 da Nuwamban 2022, ɗaga kafet ka shinshina, duba ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa ko busasshen laka. Taya ma a duba, motocin nan suna da nauyi suna cin taya, lambobi huɗu na jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ƙaramin batir mai bolt 12 shi ma zafi na kashe shi, in ya mutu motar ba ta ko buɗewa duk da babban na cike, sai an kira saɗaha, wato motar ɗaukar mota.

Sabuwar ba ta buƙatar duk wannan wahalar, shi ya sa ba zan daɗe a kanta ba. Abin dubawa kawai wakalar tana da warsha a garinku, kayan gyara na samuwa, kuma wane irin batir ne. BYD ta shigo a 2024 ta hannun Al-Futtaim, Lucid kuwa a nan ake haɗa ta tun Satumban 2023 a birnin tattalin arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai dai ita ba ajin kuɗin da muke magana ba ce. Aibin sabuwa ɗaya ne kuma babba ne, faɗuwar daraja. Motocin lantarki suna zubar da farashi da sauri a shekarun farko don kullum sabon samfuri na fitowa da batir mafi kyau a kuɗi ƙasa. Wanda ya sayi ta hannu wani ya riga ya sha masa wannan asarar. To ga mai igama wannan abin tunani ne, don ba a ba ka huruj niha'i, wato bizar barin ƙasar gaba ɗaya, da mota a sunanka, dole ka sayar ko ka canja suna. In kwangilarka saura shekara biyu, ko ba ka da tabbas da kafili, sabuwa a kan taksit, wato biya kaɗan kaɗan, na shekara biyar za ta iya zame maka ƙarfen ƙafa, ka zo sayarwa a gaggauce kuɗin da za a ba ka bai kai bashin da ya rage ba. Masu cewa in sun tashi sai su tura ta Kano ko Damagaram, a fara tunanin wutar da za ta sha a can da wanda zai gyara ta.

In ka haɗa duka, mai wurin caji a gida, zirga zirgarsa wurin aiki da makarantar yara da Harami, kuma yana sa ran zama shekara biyar ko fiye, sabuwa mai LFP da cikakken damani ta fi masa kwanciyar hankali, kilomita ɗarin da yake ganin ya rasa ba zai ma ji rashinsu ba. Hajiyoyin da ke tuƙa kansu cikin gari su ma nan na fi karkata musu. Mai cin babbar hanya duk mako ko wanda zamansa ba shi da tabbas, ta hannu khaliji mai SOH kusan 90 da sauran damani mai kauri.

Kafin ka ba da arbun, wato kafin alƙalami, ka nemi farashin tamin shamil, wato cikakken inshora, na motocin biyu, don wani lokacin na ta hannu mai tsada a asalinta ya fi na sabuwar nesa, kuma ka tambaya ko ya haɗa da lalacewar batir ta haɗari da ta ruwa. Ranar canja suna ta manhajar gwamnati ta Abshir a tabbatar fahas da istimara, wato takardar rajistar mota, ba su ƙare ba kuma babu tara a kanta. Sannan tun kuna tare, kafin ya tafi, tsohon mai ita ya cire motar daga asusunsa na manhajar kamfanin a gabanka ka sa naka, in ba haka ba yana iya ganin inda take har ya buɗe ta daga wayarsa. Ka karɓi makulli ko katin duka biyu, ka buɗe but ka tabbatar wayar cajin gida tana ciki, in babu a cire kuɗinta daga ciniki don ba ta da araha.